Lasifika mai inci 15 a ɗaki sha biyu a sha biyu: in saya ko in haƙura?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema kafin kuɗi su bar hannuna. Ɗakin da nake sauraro ƙafa 12 ne a 12, silin POP mai tsayin kamar ƙafa 10, ginin bulo, ƙasa tayil. Na ga wasu lasifiku biyu na hannu a kasuwar Sabon Gari, kowace da wufa, wato faifan da ke fitar da kakkauran sauti, mai inci 15, tsayinsu ya kai min ƙirji. Da aka kunna min su a shago har a cikina na ji kiɗan. Kusa da su akwai wasu ƙanana masu inci 6 da rabi, kuɗin kusan ɗaya. Gaskiya zuciyata tana kan manyan. Abin da nake ji yawanci waƙoƙin kalangu ne na da, karatu da safe, sai fim da daddare. Wanne zan ɗauka?

Mai Kiɗan Biki:
Wa alaikumus salam. Ɗauki manyan ka huta, ƙanena. Babba in ta yi maka yawa sai ka rage murya. Ƙarama kuwa in ta gaza, me za ka ƙara mata? Tunda kuɗin ɗaya ne ma ai babu abin tattaunawa.

Mai Gyaran Rediyo:
Oga, kai a fili kake aiki, ƙarƙashin rumfa, mutum ɗari uku a gabanka. Wannan bawan Allah ɗakin kwanansa yake magana. Rage murya ba ya gyara abin da zai same shi. Ina yawan samun masu kawo min irin waɗannan su ce wufa ta lalace, tana gunji, kiɗa ba ya fita sarai. In gwada ta a ƙofar shago lafiyarta ƙalau. Ɗakin ne, ba lasifikar ba.

Mai Kiɗan Biki:
To ɗaki kuma me ya haɗa shi da sauti, Malam? Ɗaki ai ɗaki ne.

Injiniya Samaru:
Bari in shigo nan, don wannan tambayar ita ce gindin maganar.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan lasifika ta fitar da bes, wato kakkauran sauti, a cikin ɗaki, yana dukan bango ya dawo, ya haɗu da wanda ke fitowa. Akwai wasu muryoyi da tsawon igiyarsu ya yi daidai da faɗin ɗakin, su waɗannan in sun dawo sai su hau kan juna su ninku. Lissafin ba wuya: a raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin a mita. Ƙafa 12 mita 3.66 ce. Ninki biyu 7.32. Raba 343 da shi ya ba ka kusan 47 Hz, wato muryar da ke girgiza sau 47 a daƙiƙa. Wato a ɗakin Ɗan Gwammaja, duk muryar da ta faɗo kusa da 47 Hz za ta kumbura, haka ma ninkinta, wajen 94.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ɗakin murabba'i ne. Da a ce 12 ne a 15, tsawo zai kumbura tasa muryar, faɗi ya kumbura tasa daban, abin ya ɗan rarrabu. Amma 12 a 12, duka biyun a wuri guda suke zuba ƙarfinsu. Silin mai ƙafa 10 kuma ya ba da tasa a wajen 56 Hz, maƙwabciyar 47 ɗin. Saboda haka tsakanin 45 da 60 ɗakin da kansa yana ƙara bes, ko ka so ko ka ƙi. Igiya mafi kauri ta jitar bes tana bugawa a 41 Hz, gangar kiɗan zamani kuma galibi tana tsakanin 50 da 60. Ka ga inda suka faɗa ke nan.

Yanzu ka kawo wufa biyu masu inci 15 ka ajiye a ciki. Ba za ka samu wurin da za ka janye su daga bango ba, ƙarshenta a kusurwa za su zauna, kusurwa kuwa ita ce wurin da ya fi ko'ina tayar da waɗannan muryoyin. Abin da za ka ji shi ne murya guda ta bes tana ta gunji ko wace waƙa aka sa. Rage murya zai rage komai ne gaba ɗaya, gunjin yana nan a samansu.

Ɗan Gwammaja:
Injiniya, na gode, amma kaina ya ɗan ɗau zafi da lambobin nan. Akwai yadda zan tabbatar da kaina?

Injiniya Samaru:
Akwai. Kana da wata 'yar wufa a gida ko? Sauke manhajar da ke fitar da murya guda a waya, akwai su kyauta da yawa. Haɗa wayar da wufar, ka sa 47 Hz, kada ka ƙure murya. Sai ka yi tafiya a hankali daga jikin bango zuwa tsakiyar ɗaki. In bai fito sosai ba gwada 48 ko 49, domin da zafi sauti ya fi sauri, a zafin Kano yana kaiwa 350, lissafin sai ya ɗan matsa sama.

Baban Gida Tudun Wada:
Ni ban yarda da wannan tsoratarwar ba gaba ɗaya. Tun shekarun 1980 nake da manyan lasifiku na Japan masu inci 12 a ɗakin da bai fi nasa ba. Har yau su nake ji, ban taɓa jin sun dame ni ba. Kuma akwai abin da ƙananan nan ba sa iyawa: in makaɗi ya doki ganga, babbar lasifika tana ba ka nauyin dukan ba tare da ta wahala ba. Ƙaramar tana ƙoƙari ne kawai, kana jin ƙoƙarin nata.

Injiniya Samaru:
Baba, maganarka ta biyu gaskiya ce tsantsa, ba zan musa ba. Faifan inci 12 yana tura iska mai yawa da ɗan motsi kaɗan, mai inci 6 sai ya yi ta kai da komo mai nisa kafin ya tura irinta, nan ne murɗewar sauti ke shigowa. Amma in tambaye ka: akwatunan naka a rufe suke ruf, ko suna da ramin fitar bes? Kuma me ke cikin ɗakin?

Baban Gida Tudun Wada:
A rufe suke, babu rami. Ɗakin kuwa akwai kafet bango zuwa bango, kujeru na kushin, labule mai kauri, da kantar littattafai ta cika bango guda.

Injiniya Samaru:
To ka gani, Baba. Akwati rufaffe besinsa yana sauka a hankali, kusan dB 12 (dB ma'aunin ƙarar sauti ne) duk lokacin da adadin Hz ya ragu da rabi, kuma ƙaramin ɗaki yana cike masa gurbin abin da ya rasa a can ƙasa. Sukan dace da juna. Mai rami yana riƙe ƙarfinsa har zuwa muryar da aka saita ramin, sannan ya faɗi da sauri, kusan dB 24. In muryar ramin ta faɗo kusa da wadda ɗaki ke kumburawa, an haɗa biyu ke nan. Rufaffen akwatin nan Edgar Villchur ne ya yaɗa shi a Amurka da lasifikarsa AR-1 a 1954, kuma manufarsa tun farko ita ce a samu bes mai zurfi a akwatin da zai shiga ɗakin mutum. Ɗakinka kuma ga kushin ga littattafai. Shi Ɗan Gwammaja tayil da bulo ne tsirara. Girman ɗaki ɗaya, hali daban.

Hajiyar Falo:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba injiniya ba ce. Maigidana ya kawo irin waɗannan manyan falonmu bara. Abin da na lura shi ne shi da ke zaune a tsakiya kullum cewa yake bes ya yi kaɗan, ya ƙara. Ni kuma ina ɗaki ta bayan bango, kwanukan kabad suna rawa. Har rigima muka yi, yana cewa ina ƙari.

Mai Gyaran Rediyo:
Hajiya ba ki ƙara komai ba, ku duka kuna da gaskiya. Tsakiyar ɗaki nan ne bes ɗin ke mutuwa, jikin bango nan yake taruwa. Kuma bes ne ke ratsa gini, siririyar murya ba ta wucewa. Ki ce wa Alhaji ya ja kujerarsa baya kaɗan daga tsakiya, zai rage murya da kansa.

Ɗan Gwammaja:
Jama'a na gwada! Ikon Allah. A 48 ya fi fitowa. A kusurwar da ke bayan ƙofa kamar kunnena zai toshe, na zo tsakiyar ɗaki na tsaya sai ya kusa ɓacewa, har na duba ko wayar ta mutu. Taku uku ne kawai tsakaninsu.

Mai Kiɗan Biki:
To na ji wannan. Amma ni abin da na sani shi ne ƙaramin ɗaki ma ba ya iya fitar da bes mai zurfi, saboda igiyar ta fi ɗakin tsawo. Haka aka koya mana. In haka ne ai gara ya sayi babba ta tilasta shi.

Injiniya Samaru:
Oga, wannan magana ta yaɗu amma ba haka take ba. Gaskiya ne igiyar 40 Hz ta kai mita 8 da rabi, ta ninka ɗakin nan fiye da sau biyu. Amma in da sai igiya ta miƙe a wuri ake jin ta, da ba wanda zai ji bes a mota, balle a abin sawa a kunne. Kunne matsin iska yake ji yana hawa yana sauka. Ƙaramin ɗaki matsalarsa ba rashin bes ba ce, rashin daidaito ne: nan ya yi yawa, can babu.

Kuma akwai abin da ya kamata Ɗan Gwammaja ya duba. Idan waɗannan masu inci 15 irin na biki ne, masu ƙaho a sama da kafet a jiki, to ba lallai ne ma su fi ƙananan zurfi ba. Da yawansu a wajen 50 ko 55 Hz suke tsayawa, don an gina su ne su yi ƙara su kai nesa. Akwai ƙa'idar da ake jingina wa Hofmann, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin KLH: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, ƙara mai yawa da wuta kaɗan, biyu kawai za ka samu cikin ukun. Na biki sun zaɓi ƙara. A mita biyu ƙahon zai soke maka kunne, kuma za ka riƙa jin shuuu ɗin amfilifaya ko ba a sa komai ba.

Ɗan Gwammaja:
Suna da ƙaho kam, da kafet baƙi a jiki, da hannun ɗauka a gefe. A jiki an rubuta wat 3000. Ƙananan kuma wat 60 kawai. Wannan ne ma ya fi tsaya min a rai.

Mai Gyaran Rediyo:
Duba da kyau, bayan 3000 ɗin za ka ga PMPO. Lambar talla ce, babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita wajen auna ta. Wadda ake kallo ita ce RMS, mai nuna wutar da za ta iya ɗauka a kai a kai. Na sha buɗe akwatin da aka rubuta dubbai a jiki, in tarar da taransifoma da bai kai dunƙulen hannu ba. Kuma wat ɗin da ke jikin lasifika ba ƙararta yake faɗa ba, iyakar wutar da za ta jure ce kafin ta ƙone.

Injiniya Samaru:
Haka ne. Lambar da ke faɗin ƙara ita ce wadda ake rubutawa da dB, wato ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat 1 a nisan mita 1. Ƙananan na gida galibi 85 zuwa 87 ne. Mu ɗauki 86. Kai a ɗakinka ba za ka wuce mita 2 daga gare su ba. A fili nisan zai cinye dB 6, amma guda biyu ne, ga bango yana dawo da wani abu, sai ka koma kusan inda ka fara. Wato da wat ɗaya ko ɗaya da rabi kana wajen dB 85. Wannan kuwa ita ce iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa wa mai yin awa 8 cikin ƙara, kuma duk ƙarin dB 3 yana raba lokacin biyu. Ka bar wa dukan ganga sarari na dB 15 a sama, wat 30 zuwa 50 ke nan. Amfilifaya mai wat 50 na gaskiya ta ishe ka har ta yi saura.

A lura kuma: ninka wat sau biyu dB 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninku sai an ninka wat kusan sau goma. Inda babbar lasifika ke zama dole shi ne inda nisa ya ƙaru. Falo mai ƙafa 16 a 24, kana zaune mita 4, ƙofa a buɗe zuwa wurin cin abinci, nan ƙaramar za ta galabaita, kuma ni da kaina zan ce a sayi doguwa mai wufa biyu ko mai inci 10 zuwa 12.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da aiki. Mu nan gidanmu na ƙasa ne, rufin azara, kuma na lura rediyo ma ta fi daɗin ji a ciki fiye da sabon ɗakin siminti da muka yi a waje. A na simintin in ka tafa hannu sai ka ji wani ƙararrawa-ƙararrawa yana biyo baya. Ko ginin ƙasa ba shi da wannan matsalar ta bes?

Injiniya Samaru:
Abin da ka ji gaskiya ne, amma ya fi shafar murya ta tsakiya da ta sama. Bangon ƙasa bai miƙe sumul ba, azara kuma tana warwatsa sauti, shi ya sa amsa-kuwwar ba ta da kaifi. Bes kam katanga mai kauri tana dawo da shi, ta ƙasa ce ko ta siminti. A nan ne ma nake jan hankalin masu kallon bidiyon Turawa. Yawancin gidajen Amurka bangon ciki allon jifsam ne a kan katako, yana ɗan lanƙwasawa, yana shanye wani bes ɗin, wani ya wuce waje. Namu bulo da filasta ba ya sha ba ya bari. Lasifikar da mai sharhi ya ce ta zauna lafiya a ƙaramin ɗakinsa tana iya yin gunji a naka.

Mai Kiɗan Biki:
To ya manna kwalin ƙwai a bango mana, kamar yadda ake yi a situdiyo. Sai ya sayi manyansa.

Mai Gyaran Rediyo:
Haba Oga. Kwalin ƙwai ko soso mai inci ɗaya ba ruwansu da igiyar da ta kai mita bakwai. Sai dai su tara ƙura da kyankyasai, ga haɗarin gobara. Kafet da labule suna da amfani, za su kashe wannan ƙararrawar da Ɗan Damagaram ya faɗa, karatu ya fito sarai. Amma gunji sai abu mai kauri sosai a kusurwa, ko canja wurin zama da wurin lasifika, wanda shi kyauta ne.

Baban Gida Tudun Wada:
Ni dai har yanzu ina nan kan cewa ba girma ne laifi ba. Lasifikar Klipschorn fa? Tun 1946 ake yin ta, ƙatuwa ce, kuma a kusurwa aka ce a sa ta.

Injiniya Samaru:
Ai mun haɗu a nan, Baba. Paul Klipsch ya zana ta ne da kusurwar a cikin lissafi, bangon ɗakin shi ne ƙarashen ƙahonta. Kuma duk da haka tana son bango mai faɗi da nisan zama. A ɗaya gefen ga LS3/5a da BBC ta yi a tsakiyar shekarun 1970, wufarta kusan inci 5 ce kawai, an yi ta don motocin ɗaukar shiri inda ma'aikaci ke zaune dab da ita. Har yau ana ƙera ta, ana sayenta da tsada saboda yadda take fitar da muryar mutum. Kowacce an san wurin da aka yi ta dominsa. Ni abin da nake ƙi shi ne a ɗauko wadda aka yi wa filin biki a kai ta gefen gado.

Ga wanda abin da ya fi ji kalangu ne da karatu, kusan komai yana sama da 80 Hz. Abin da yake buƙata shi ne tsabtar tsakiya. Masu inci 6 da rabi a kan ƙafa, tuwita, wato ƙaramin faifan da ke fitar da siririyar murya, daidai kunne, nisan da ke tsakaninsu daidai da nisansa daga kowacce, a janye su daga bango kamar ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kada ya zauna a tsakiya, kada kuma ya manna kai da bangon baya. In ramin a baya yake kuma bes ya yi yawa, ya cusa soso a ciki ya ji bambanci.

Hajiyar Falo:
Fim ɗin fa? Ya ce yana kallo da daddare.

Injiniya Samaru:
Daga baya ya ƙara wufa guda mai amfilifayarta, inci 8 ko 10, a saita ta ta riƙa fitar da abin da ke ƙasa da 80 Hz kawai. Amfaninta shi ne tana da maɓallin murya nata, kuma ana iya kai ta inda ɗaki ya yarda. Dabarar neman wurin: a ɗora ta a kan kujerar da ake zama, a sa waƙa mai bes, a bi gefen bango a durƙushe ana saurare. Inda aka ji bes ya fito daidai, kowace murya da nata, nan za a ajiye ta. Da daddare kuma ya kashe ta saboda maƙwabta.

Ɗan Gwammaja:
Na gamsu da yawancin bayanin, ko da yake wallahi in na tuna yadda manyan suka doki ƙirjina sai in ji kamar in rufe ido in saya. Gobe zan koma in roƙi mai shagon ya bar ni in kai ƙananan gida in gwada kwana ɗaya, in bar masa kuɗi a hannu. Me zan duba tunda na hannu ne?

Mai Gyaran Rediyo:
Cire ragar gaba ka duba zoben da ya kewaye faifan. In na soso ne, taɓa shi a hankali, zafi da shekaru suna ruɓar da shi ya riƙa marmashewa. Ana canjawa, amma a rage maka kuɗi. Danna faifan da yatsu a ko'ina daidai, in ka ji yana gogar wani abu a ciki, bar ta. Kara kunne a kowace tuwita ka tabbatar duka biyun suna magana, don ita ce ke fara ƙonewa. Duba ko 4 ohm ce ko 8, ka gwada da abin da amfilifayarka ta ce tana ɗauka. In za ka haɗa da amfilifaya ta hannu, karanta bayanta kafin ka soka: ta Japan 100V ce, ta Amurka 120V, wutarmu 230. Kuma ka tafi da waƙar da ka sani sarai a wayarka, kada ka yarda da wadda za su sa maka.

Mai Kiɗan Biki:
Ni fa ban sauka ba. Ranar Asabar ba ni da aiki sai dare. Zan ɗoro nawa masu inci 15 a Keke in kawo ɗakin naka, a jera su da ƙananan, kowa ya ji da kunnensa.

Injiniya Samaru:
Madalla. In na samu shigowa Kano zan zo da makirfon awo da kwamfuta, akwai manhajar REW, kyauta ce, za ta zana mana abin da ɗakin ke yi da kowacce. Ɗan Gwammaja, ka tura mana kwatance ta akwatin sirri, kuma ka sanar da maƙwabta tun ranar Juma'a.

Baban Gida Tudun Wada:
Ku sa bayan la'asar, ni ma zan zo. A gwada su da rami a toshe da kuma a buɗe, ina son in ji wannan.